Mai Tauraro, Mai Giwa, Mai Kambi Uku: Yadda Hoton Kwali Ke Yi Wa Uwa Zaɓi A Kasuwar Illela

Duk ranar Lahadi kasuwar Illela kan cika maƙil. Garin yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, sama da kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato, kuma 'yan kilomitoci kaɗan ne tsakaninsa da Birnin Ƙonni, inda tasu kasuwar ke ci ranar Laraba. Baƙi sun fi sanin Illela da cinikin shanu da raƙuma, amma ita uwargida rumfunan kayan masarufi ne wurin zuwanta. A kan kanta guda za ki ga madarar gwangwani daga Legas da rubutun Turanci, kusa da ita makaroni mai rubutun Faransanci da Larabci, ga ganyen shayi daga ƙasar Sin, ga kifin gwangwani daga Maroko. Harsuna uku ko huɗu a rumfa ɗaya, amma da wuya ki ga Hausa a jikin ko ɗaya, alhali da Hausar ake yin cinikin tun daga sallama har zuwa biyan kuɗi.

To yaya uwa ke zaɓar abin da za ta kai gida? Da ido take zaɓa. Launi take dubawa, da hoto, da surar mazubin. Shi ya sa idan za ta aiki yaro ba ta wahalar da shi da sunan kamfani, sai ta ce ya sayo mata magi mai tauraro, ko omo mai giwa, ko madara mai kambi uku, ko batir mai kan damisa. Kamfanoni sun daɗe da gane haka, sun kuma kashe maƙudan kuɗi a kai. Masu haɗa kayan jabu ma sun gane. Wanda zai ɗanɗana sakamakon zaɓin kuwa shi ne yaron da ke jiran a sauke tukunya.

Kafin zuwan kwali

Kakanninmu ma suna da mazubinsu, kuma kowane mazubi yana faɗin inda kaya suka fito. Goro daga Gwanja yakan zo cikin huhu, an shimfiɗa masa ganye don kada ya bushe. Gishirin Bilma kantu-kantu yake zuwa a bayan raƙuma, da ganin surarsa an san daga hamada ya fito. Man shanu yana cikin ƙwarya ko tandu. Sai dai a wancan lokaci amanar ciniki tana wuyan mutum ne. Kin san gidan da aka yi daddawar, kin san Bafulatanar da ke kawo nonon. Idan abu ya ɓaci, kin san ƙofar da za ki je ki yi sallama.

Masana'antun Turai ne suka raba mai yin kaya da mai saye, har ya zamana ba wanda ya san fuskar wani. Dole aka nemo abin da zai tsaya a madadin fuskar. A Ingila, a shekarar 1884, wani ɗan kasuwa mai suna William Lever ya fara sayar da sabulu a yanke, a naɗe cikin takarda, da suna a jiki, wato Sunlight. Kafin nan mai kanti ne ke yanko wa mutum daga dogon sanda, ba suna ba shaida. Kamfanin Lever ɗin nan ne ya sayi Niger Company a 1920, daga ciki kuma aka samar da UAC a 1929, wanda kantunansa suka bazu a garuruwan Arewa. 'Yan kasuwar Turai sun lura cewa yawancin masu sayen kayansu ba sa karanta Turanci, don haka suka dogara da hoton abin da kowa zai iya kira da harshensa: giwa, zaki, makulli, kwalekwale, agwagwa. Har gobe wannan dabara tana aiki a Illela kamar yadda ta yi aiki a kantunan Kano shekaru 90 da suka wuce.

Tauraro, kwakwa da lambobi

Ɗauki dunƙulen magi. Julius Maggi mai injin niƙa ne ɗan ƙasar Suwizalan, kuma tun yana raye kamfaninsa ya riƙe ja da rawaya a matsayin launinsa, da tauraro a matsayin tambari. Dunƙulen ya fito a 1908, kamfanin kuma ya haɗe da Nestlé a 1947. Sama da shekara 100 ke nan ba a bar launin nan ba. Ja da rawaya suna ɗaukar ido daga nesa, ana gane su ko a cikin rumfa mai duhu, ko da hasken fitilar mai tebur da daddare. Sunan ya shiga harshe har ya zama kowane dunƙule magi ne, ko da wani kamfani ne ya yi shi, kamar yadda kowane garin wanki ya zama omo. Abin da takardar ba ta faɗa da babbar murya shi ne, kusan rabin dunƙulen gishiri ne. Mai jefa uku ko huɗu a miya sannan ta ƙara gishiri, sai ta tuna da masu hawan jini a gidan.

Madarar Peak tun 1954 ake sayar da ita a Nijeriya. Daga Holan ake kawo ta, kafin a kafa kamfanin WAMCO a 1973. Hoton bishiyoyin kwakwa a bakin ruwa da tsauni a bayansu ya zauna a idon mutane, kuma duk gyaran da aka yi wa gwangwanin ba a kuskura an cire shi ba. Shi kansa gwangwanin bayan an shanye madarar bai zama shara ba, ya koma ma'auni. Da shi ake auna gyaɗa da wake da shinkafa ga wanda kuɗinsa bai kai na kwano ba.

Masu shan shayi irin na Buzaye, wanda ake dafawa a ƙaramar buta kan gawayi, su kuma lamba suke riƙewa. Koren ganyen da ake kawowa daga Sin yana zuwa da lambobi irin su 4011 da 41022 da 3505 a jikin kwali, kowace lamba tana nuna nau'in ganyen da darajarsa. Kwalin na iya ɗaukar hoton raƙumi ko buta, rubutun na iya zama Faransanci ko Larabci, amma lamba ba ta bukatar tafinta.

Ko kuɗin da ake cinikin da shi, launi ne ke raba su a hannun mutane da yawa. A takardun sefa jaka goma ruwan hoda ce mai duhu, jaka biyar kore, jaka biyu shuɗi, jaka ɗaya ja. Lokacin da aka sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, launin ne babban abin da ya canza, kuma mun ga yadda aka ɗauki lokaci kafin ido ya saba.

Ina Hausa a jikin kwali?

Mata da yawa da ake cewa ba su yi karatu ba, a gaskiya sun yi na allo, suna karanta baƙaƙen Larabci, wasu ma suna rubuta Hausa da ajami. A ƙasar Sakkwato wannan tsohuwar al'ada ce tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu da ɗalibanta 'Yan Taru. Ajamin da ke jikin naira irin waɗannan masu karatu aka yi wa shi. A 2007 aka cire shi daga naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 kuma sabuwar naira 100 ta fito babu shi. Ya rage a manyan takardu uku. A jikin kayan abinci da magunguna kuwa kusan babu shi sam.

Idan ma an dace an rubuta Hausar boko a kwali ko a allon talla, sau da yawa sai a bar haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Tun shekarun 1930 aka shigar da su rubutun Hausa, kuma ba ado ba ne. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Bari daban, ɓari daban. A bayanin yadda ake shan magani ko shafa shi, irin wannan bambanci ba abin wasa ba ne. A tsallaken iyaka akwai ƙarin harafi ɗaya: inda muke rubuta 'ya'ya, littattafan Nijar suna rubuta ƴaƴa. Harshe ɗaya ne, iyali ɗaya ne a Illela da Ƙonni, amma makarantar da yaro ya shiga ita ke nuna ko Turanci zai iya karanta wa mahaifiyarsa ko Faransanci.

Leda ta zo, rubutu ya ƙanƙance

Babban sauyin da ya taɓa kowane gida ya zo ne a 1993, lokacin da madarar Cowbell ta shigo kasuwar Nijeriya cikin ƙananan ledoji. Kafin nan madarar gari sai a babban gwangwani, wanda ba kowa ke iya saye ba. Ƙaramar leda ta sa mai ɗan canji ya iya haɗa shayin safe. Sauran kamfanoni suka bi sahu, yau ga tumatir, ga omo, ga man gyaɗa, ga ruwan sha, duk a leda.

Sauƙin ya zo da nasa nauyin. Fili ya ragu, sai aka bar sunan kaya da hoto da girmansu, aka matse bayanin sinadarai da ranar lalacewa cikin haruffan da sai an kai su kusa da ido. Kwanan watan ma sau da yawa a gefen ledar ake buga shi, inda zafi da gogayya ke share shi. Wanda ya fi wannan shi ne ƙulli: mai shago ya buɗe babban buhun madara ko sukari ko mai, ya ƙulla a farar leda. Nan babu suna, babu kwanan wata, an koma dogaro da amanar mai shago kaɗai. Idan za ki sayi ƙulli, ki saya a wurin wanda kika sani, kuma ba laifi ba ne ki ce ya nuna miki buhun da ya ɗebo.

Lokacin da hoto ya yaudari uwa

Wani abu da ya faru a ƙasar Laos, can kudu maso gabashin Asiya, ya isa ya zama darasi a nan. Akwai wani farin ruwa mai zaƙi da ake zubawa a gahawa, ana sayar da shi a gwangwani da sunan Bear Brand. Hoton da ke jikinsa wata dabbar daji ce ta rungume ɗanta kamar tana shayar da shi. Binciken da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2008 ya gano cewa kusan rabin manyan da aka tambaya sun ɗauka hoton yana nufin abincin jarirai ne, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar ya ce ya taɓa bai wa jariri. Akwai gargaɗi a rubuce a jikin gwangwanin, amma hoton ya fi rubutun ƙarfi. Likitoci a can sun ga jariran da suka kamu da tamowa ta wannan hanya.

Irin wannan haɗari ne ya sa tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ta hana sa hoton jariri a gwangwanin madarar jarirai, don kada uwa ta ga ɗan ɓulɓul a jikin gwangwani ta raina nononta. A Nijeriya hukumar NAFDAC ce ke kula da bin wannan ƙa'ida.

A kasuwa irin ta Illela, duk farin abu a gwangwani ko leda sunansa madara, alhali ba ɗaya suke ba. Wadda aka rubuta wa Full Cream, ko Lait entier da Faransanci, ita ce mai ɗauke da man nonon saniya. Wadda aka rubuta wa Filled, ko aka ga kalmomin matière grasse végétale, an cire mata man nono an sa man itatuwa kamar na kwakwar manja, shi ya sa ta fi araha. Kamfani ɗaya kan fitar da iri biyun cikin mazubi masu kama da juna. Sai mai kauri mai zaƙi, Lait concentré sucré, wadda sama da kashi 40 cikin 100 nata sukari ne. Akwai kuma wadda aka rubuta wa Creamer, wadda ta shayi ce kawai. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke maye gurbin nonon uwa ga jariri. Shawarar likitoci ita ce nono zalla har wata shida, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu. Idan wata lalura ta hana shayarwa, ma'aikaciyar asibiti ce za ta faɗi abin da za a ba jariri, ba hoton gwangwani ba.

Haka abin yake a mayukan shafawa. Gaban kwalin karas ne ko gwanda ko lemun tsami, da mace mai sheƙin fata. A baya, cikin ƙananan haruffa, wani lokaci za ki tarar da hydroquinone ko clobetasol, sinadaran da ke sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa. Irin wannan mai bai kamata ya taɓa jikin yaro ba.

Kama da wane ba wane ba ne

Duk tambarin da mutane suka yarda da shi, shi ɓarawo ke kwaikwaya. Wani yakan canza harafi ɗaya a sunan ya bar launin yadda yake, wani kuma yakan kwafe kwalin gaba ɗaya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta sha faɗin yadda 'yar'uwarta ta rasu a 1988 sanadin allurar ciwon sukari ta jabu. A zamaninta ne duba lambar NAFDAC ya zama ɗabi'ar masu saye.

A 2010 aka fara wani shiri na sauƙaƙa farashin ingantaccen maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma Nijeriya da Nijar duk suna cikin ƙasashen da aka fara da su. An sa wa kwalayen tambarin koren ganye domin wanda bai iya karatu ba ya gane su da ido. Ba a daɗe ba, a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an kama jabun maganin Coartem a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ɗauke da koren ganyen, har da lambar NAFDAC ta ƙarya. Ma'ana, hatta alamar da aka ƙirƙira don kare mai saye ana iya satar ta.

Saboda haka ne aka kawo shaidar da ba a kwafe ta da injin buga takarda. A jikin kwalayen maganin zazzaɓi da na kashe ƙwayoyin cuta da yawa akwai ɗan wuri mai ruwan azurfa, irin na katin waya. Ki kankare, ki tura lambar da ta fito ta saƙon tes zuwa gajeriyar lambar da aka rubuta a kwalin, kyauta ne, amsa za ta zo ta gaya miki ko na ainihi ne. NAFDAC ta fara wannan tsari a 2010. Tana kuma da rumbun bayanai a intanet mai suna Greenbook, inda za ki rubuta sunan magani ko lambarsa ki ga ko an yi masa rajista.

Zaman kan iyaka yana ƙara wa lamarin sarƙaƙiya. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, sai a Disambar 2020 aka buɗe huɗu, Illela na cikinsu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Duk lokacin da aka rufe hanya, kaya kan daɗe a sito ko su biyo ta daji cikin rana, baƙin sunaye kan cike gurbin waɗanda aka saba da su, wasu kuma kan juye shinkafa daga wannan buhu zuwa wancan. Kayan da aka yi don kasuwar Nijar ba lallai su zo da lambar NAFDAC ba. Rashinta ba ya nufin jabu ne kai tsaye, yana dai nufin babu hukumar Nijeriya da ta duba su. A taliya ko sabulu mutum na iya amfani da hankalinsa. A magani kuwa, musamman na yara, a tsaya ga kantin magani mai rajista, a bar na tire da na bayan keke da rana ta gama dafawa.

Kwalbar da yaro ya riga ya sani

A 1915 wani kamfanin gilashi a jihar Indiyana ta Amurka ya zana kwalbar Coca-Cola mai ƙugu. Abin da aka nema shi ne kwalbar da mutum zai gane ko a cikin duhu ya taɓa ta, ko ya gan ta a fashe a ƙasa. An yi nasara fiye da yadda aka zata. Yaro ɗan shekara biyu bai san harafi ko ɗaya ba, amma ya san kwalbar lemo da robar ruwa, ya san abin daɗi ke ciki.

A nan haɗarin yake. A garuruwanmu ana zuba kananzir da fetur da fiya-fiya da ruwan wankin banɗaki a robar lemo ko ta ruwa, a ajiye a ƙarƙashin gado ko bayan ƙofa. Yaro da ƙishirwa ba zai tsaya shinshinawa ba. Kada a zuba abin da ba na sha ba a mazubin abin sha. Idan ya zama dole, a ɓare takardar jikin, a yi masa babbar alama, a ɗora shi inda hannun yaro ba ya kai. Idan kuma tsautsayi ya faɗa yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin kananzir na iya sarƙe shi ya shiga huhu. A garzaya da shi asibiti tare da robar, don likita ya ga abin da ya sha.

Juya kwalin

Gaban kwali an yi shi ne don ki saya. Abin da doka ta tilasta wa kamfani ya faɗa yana baya ko a gindi. Minti ɗaya ya isa ki duba.

Fara da kwanan wata. MFD ko PROD ko FAB ranar da aka yi kayan ke nan. EXP ko Best Before ranar ƙarewar wa'adi ce. A kayan Faransanci za ki ga À consommer avant ko À consommer de préférence avant. Idan an rubuta 03/27, watan uku ne na 2027. Ki kula da watannin Faransanci: juin Yuni ne, juil. Yuli, août Agusta, mai kuma Mayu ne, ba man girki ba. Idan kika ga an manna wata takarda a kan kwanan watan, ko wurin ya yi kamar an goge an sake bugawa, ki ajiye. A Disambar 2023 NAFDAC ta rufe shaguna sama da 200 a wata kasuwa a Aba, kuma cikin abin da ta tarar har da sauya kwanan watan kayan da suka lalace.

Sai lambar NAFDAC, da sunan kamfani da cikakken adireshinsa. Kayan da ba su faɗi inda aka yi su ba, mai su ba ya so a same shi. Sai alamun ƙarin sinadarai masu gina jiki: tun 2002 doka ta wajabta sa bitamin A a sukari da man girki da fulawa a Nijeriya, alamarsa kuwa hoton ido ne da harafin A a tsakiya. A kayan ɓangaren Nijar kalmar ENRICHI ce ke nuna haka. Gishiri kuma a nemi wanda aka rubuta an sa masa aidin, saboda maƙoƙo da kaifin ƙwaƙwalwar yara.

Daga ƙarshe ki duba jikin mazubin. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotse a bakin murfi, ba na saye ba ne ko da an karya farashi. Idan haruffan sun yi miki ƙanana, ɗauki hotonsu da wayarki ki buɗa shi da yatsu biyu. Manhajar fassara ta Google tana iya karanta Faransanci ta kyamara ta mayar miki da shi Hausa ko Turanci. Ki kuma jawo 'yan makarantar gidan cikin aikin, ki ba su duba kwanan watan duk abin da aka shigo da shi.

Ga mai sana'a a cikin gida

Da yawa cikin masu karanta mu suna yin yaji, ko ƙuli-ƙuli, ko dakuwa, ko turaren wuta da humra, suna tallatawa a WhatsApp. Darasin manyan kamfanonin nan naku ne kyauta.

Ki zaɓi hoto ɗaya da za a iya kiran kayanki da shi, yadda yaro zai je shago ya ce a ba shi yaji mai zabuwa ko turare mai fitila. Launi biyu sun isa, kuma idan kin zaɓa ki zauna a kansu, kada kowane bugu ya zo da sabon launi. Sunan ya zama gajere, da haruffa manya marasa ƙawa da yawa, masu duhu a kan fili mai haske. Haruffa masu lauje-lauje suna da kyau a katin biki, amma a jikin ƙaramar roba ba sa karantuwa. Idan da Hausa za ki rubuta, ki sa ƙugiyoyin. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, nau'in haruffa irin su Noto Sans da Andika kuma suna ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Ki duba samfurin da mai bugawa ya fitar kafin ya buga da yawa, domin wasu injina kan mayar da harafi mai ƙugiya ɗan akwati. Idan kayanki na tsallakawa Ƙonni ko Tawa, ƙara layi ɗaya na Faransanci zai taimaka.

Kada ki manta da bayan. Ki rubuta abin da ke ciki, musamman idan akwai gyaɗa, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar ta. Ki sa ranar da kika yi, da tsawon lokacin da zai iya ajiyuwa, da lambar wayarki. Kafin ki kashe kuɗin bugawa, manna samfurin a robar ki ajiye ta taku biyar daga inda kike, ki tambayi wata dattijuwa da wani yaro me suka gani. Abin da suka faɗa shi ne sunan da kasuwa za ta kira kayanki da shi. Kada ki kwaikwayi tambarin wani, kada kuma ki buga lambar NAFDAC da ba taki ba, laifi ne da ake hukuntawa. Idan sana'ar ta kankama, ki nemi rajista ta hanyar da ta dace.

Suna mai kyau dukiya ne, kuma maƙwabtanmu sun nuna haka. Albasar Galmi, garin da ke gabas da Ƙonni, da kilishin Nijar, duk an yi musu rajista a hukumar OAPI mai kare sunayen kaya a ƙasashen Afirka 17, domin kada wani ya sayar da nasa da sunansu. Shekaru aka yi ana noma albasar ana shanya naman yadda ya kamata kafin sunan ya kai a yi masa takarda. Haka yajinki: hoto zai sa a saya sau ɗaya, ɗanɗano da tsafta ne za su sa a aiko yaro ya ƙaro.

A garinku da wane suna ake kiran kayan kanti, mai me da mai me? Kin taɓa cin karo da kwalin da ya yi kama da wanda kika saba saye amma ba shi ba ne? Ki rubuta mana a ƙasa yadda kika gane shi, wata uwar za ta amfana.